Kwamfuta A Makaranta: Abin Da Ya Wajaba A Kan Iyaye Da Malamai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fifita ɗan Adam da ilmi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa unguwar Gidan Dare ta birnin Sakkwato tsakanin La'asar da Magariba zai ga abin da ake gani a sauran unguwannin birnin. Ƙananan yara suna komowa daga Islamiyya da Ahalari da Ishmawi a cikin jaka, manyansu kuwa sun taru a bakin rumfar mai cajin waya, kowa ya ƙura wa 'yar na'urar da ke tafin hannunsa ido. A cikin waɗannan samari akwai waɗanda ke ajin ƙarshe na sakandare, waɗanda ba da daɗewa ba za a kira su jarrabawar shiga jami'a. Da yawansu sun ƙware wajen latsa waya, amma ba su taɓa zama a gaban kwamfuta sun amsa tambaya ko guda ba, ƙannensu mata da ke cikin gida kuwa ba a ma maganarsu. Iyaye sukan tambayi malamai, shin mene ne matsayin wannan na'ura a shari'a, a bar yara su kusance ta ko kuwa a tsare su daga gare ta? Wannan tambaya ta cancanci a amsa ta da natsuwa, domin makomar yara da yawa tana rataye da ita.

Da farko ya kamata a san yadda al'amarin yake a yau. Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, watau JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, tun daga 2015 kuwa ta daina amfani da takarda da fensir baki ɗaya. Ɗalibi yakan zauna ne a gaban na'ura ya amsa tambayoyi 180 a fannoni huɗu cikin sa'o'i biyu, agogo yana tafiya a kan fuskar na'urar yana gani. Hukumar WAEC ma ta fara irin wannan jarrabawa a 2024 ga ɗalibai masu zaman kansu, sa'an nan a 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa Gwamnatin Tarayya tana nufin mayar da jarrabawar WAEC da ta NECO kan kwamfuta. Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta saboda makarantun karkara ba su shirya ba, amma ko an jinkirta, alƙiblar da aka fuskanta ta bayyana ga kowa.

Yaron da ya san karatunsa sarai, ya shiga ɗakin jarrabawa hannunsa yana rawa domin bai san inda zai taɓa ba, yakan ɓatar da rabin sa'a cikin fargaba, ya fito da makin da bai kai iliminsa ba. Uba ya yi asarar kuɗin rajista, yaro ya yi asarar shekara guda. Yarinya kuwa sau da yawa ba ta samun zarafi na biyu. Abin takaici shi ne, abin da ake bukata ya sani ba shi da yawa, gama hukumar ta tsara jarrabawar yadda maɓallai takwas kaɗai sun isa: huɗu na zaɓen amsa, sauran na gaba da baya da miƙa aiki. Kwanaki kaɗan na gwaji sun wadatar da yaro mai hankali.

To, game da hukunci, malaman usulu sun tabbatar da cewa asalin abubuwan amfani na duniya halal ne sai wanda dalili ya hana, kuma kayan aiki yana ɗaukar hukuncin aikin da aka yi da shi. Ayoyin da aka fara saukarwa, a farkon Suratul Alaƙ, sun ambaci alƙalami a matsayin hanyar da Allah Ya koyar da mutum, akwai kuma sura guda wadda aka sa wa suna Alƙalami, inda Allah Ya yi rantsuwa da shi. Alƙalami kuwa kara ne da aka feƙe. Da shi ake rubuta Alƙur'ani, da shi kuma mai shaidar zur yake sa hannu. Ba a taɓa jin malamin da ya haramta kara saboda mai shaidar zur ba.

Bayan yaƙin Badar, a shekara ta biyu ta Hijira, masu tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun ruwaito cewa fursunonin da ba su da dukiyar fansa amma sun iya rubutu, an sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu. A lura, waɗannan malamai mushirikai ne waɗanda suka zo da takobi, amma hakan bai hana a karɓi fasahar da ke hannunsu ba. Haka kuma Annabi ya umarci Zaidu ɗan Sabitu, Allah Ya yarda da shi, ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ya kuwa koya cikin kamar rabin wata. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafta likitanci da lissafi a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin a matsayin farillan kifaya, watau abin da idan babu mai yinsa a gari duka mutanen garin sun yi laifi. Ga kuma ƙa'idar nan sananniya ta malaman fiƙihu, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Idan jama'a suna bukatar likita mace da za ta duba matansu, da alƙali, da injiniya, da malamin makaranta, kuma ƙofar samun waɗannan duka ta zama jarrabawa a kan kwamfuta, to hukuncin koyon kwamfutar ya fito fili ba tare da wahala ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Takarda daga ƙasar Sin ta zo, Musulmi suka koyi yinta a Samarƙandu da Bagadaza, da ita aka rubuta manyan littattafan hadisi. Injin buga littattafai ya sha tuhuma kafin a karɓe shi, yau ga shi babu gidan da ba a samun bugaggen Alƙur'ani. Rediyo ma an yi masa kallon kayan kiɗa, har aka wayi gari tafsirin azumi daga Kaduna yana shiga ƙauyukan da malami bai taɓa takawa ba. A Sakkwato kanta akwai misalin da ya fi waɗannan kusa. Baturen nan Kilafatan, wanda ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ya kuma komo daga baya har ya mutu a nan a 1827, ya kawo masa kyautar littafin Uƙlidis na lissafin siffofi da Larabci. Bello ya yi murna da shi ƙwarai, ya gaya masa cewa da suna da kwafe a gidansu wuta ta cinye. Sarkin Musulmi ke nan, ɗan Mujaddadi, yana ɗokin littafin wani Bayunane da ya rayu tun kafin Annabi Isa.

Sai maganar wanda nauyin ya hau kansa. Hukuma tana da nata kaso, kuma za a tambaye ta. A Sakkwato ne Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba 1999, a Gagi kuma Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a 2012, a ƙarshen 2015 kuma gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Birnin ya ga bukukuwan buɗewa da yawa. Abin da aka koya daga gare su shi ne gini da kayan aiki suna da sauƙin saye, riƙonsu ne mai wuya. Kwamfuta tana son wutar lantarki, tana son ɗaki mai kariya daga ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda a Sakkwato yakan haura awo 40, tana kuma son mutumin da ya san ta. Inda aka rasa waɗannan sai a kulle na'urori a ofishin hedimasta, a fito da su ranar da baƙi za su zo.

Amma jiran hukuma ba ya sauke nauyi daga kan masu hali na unguwa. A nan ya kamata a tuna da waƙafi. Zakka tana da mutane takwas da aka ƙayyade a Suratut Tauba, malamai kuma sun yi saɓani game da kashe ta a kan gini da kayan makaranta. Waƙafi ba shi da wannan ƙunci. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara, Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, Allah Ya yarda da su. Attajirin da ya sanya na'urori goma da farantan hasken rana a ɗaki guda na wata Islamiyya, ya kuma ware abin da za a riƙa biyan mai koyarwa da mai gyara, ya bi wannan sunna. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi wadda za a iya rubuta irin wannan a wurinta domin kada ya salwanta bayan mai shi. Sau da yawa akan ga masallatai biyu suna kallon juna a layi ɗaya, sahu bai cika a kowannensu ba, alhali babu inda yaran layin za su gwada jarrabawa sai sun biya kuɗi a shago. Ba a hana kowa gina masallaci ba, amma mai neman lada yakan duba inda bukata ta fi tsanani.

A kuma ware wa 'yan mata lokacinsu, da malama mace in an samu. Uba mai kishi ba zai bar 'yarsa ta je shagon kwamfuta cikin samari da dare ba, yana kuwa da gaskiya. Maganin haka a kawo mata abin inda take. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, haka ta yi sa'ad da ta ga matan ƙauye ba za su iya zuwa birni ba: ta naɗa jajis, ta aika su da karatu har inda matan suke, aka sami 'Yan Taru waɗanda sunansu bai ɓace ba har yau.

Wannan rabin magana ne. Ɗaya rabin ya fi nauyi, domin ya shafi abin da yaro zai gaskata.

Na'ura tana kuskure. A 2025 wata tangarɗa a na'urorin JAMB ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is'haƙ Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa laifi yana hawaye, aka sake musu jarrabawa. Amsa laifi halin kirki ne da ya yi ƙaranci a wurin masu riƙe da ofis, ya kamata a yaba. Amma da iyaye da malamai ba su tsaya sun ce wannan maki bai yi kama da yaran da suka sani ba, da an tafi a haka. Wanda ya san yaro shi ya gane kuskuren na'ura.

Kuskuren lissafi ma mai sauƙi ne, ana gane shi a gyara. Wanda ya fi shi haɗari shi ne labarin da na'ura ke kawowa ba tare da an san mai faɗinsa ba. Addinin Musulunci an gina shi ne a kan sanin daga wa aka karɓa. Aya ta shida ta Suratul Hujurati ta umarci muminai su bincika labarin da fasiƙi ya zo da shi kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci wasu mutane cikin jahilci su koma suna nadama. A Suratul Isra'i an hana mutum bin abin da ba shi da sani a kansa, aka kuma gaya masa za a tambayi jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Saboda haka ne Jabiru ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda domin ya ji hadisi ɗaya daga bakin wanda ya ji shi. Saboda haka ne kuma Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karɓa daga kowanne. A zaure har yau almajiri yakan ce wurin malam wane ya sauke Risala, shi kuma wurin wane. Waya ba ta da wannan silsila. Saƙo yakan iso an ce wai wani babban malami ya ce, ko wai ga abin da wata ƙabila ta yi wa wata, babu suna, babu rana, babu wuri, kafin a yi sallar Isha'i ya zaga gari.

Fannin da ke koya wa yaro auna irin wannan labari shi ne tarihi da ilmin zaman jama'a, su ne kuwa fannonin da aka fi wulaƙantawa. Ilmin zaman jama'a ya sami gindin zama a makarantu da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, amma akasari akan ba da shi ga duk malamin da ba shi da aiki a wannan sa'a. Tarihi kuwa an cire shi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare tun wajen 2009, aka yi shekaru ana yaye yara ba su san shi ba. An yi ta ƙoƙarin komo da shi, har a 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar wajabta tarihin Nijeriya daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Wannan abin farin ciki ne, sai dai malaman da za su koyar da shi yanzu, matasan cikinsu su ne yaran da aka hana shi jiya.

Waɗansu iyaye suna zaton waɗannan fannoni na Turawa ne. Ba haka ba ne. Abdurrahman Ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, alƙali ne na mazhabar Malikiyya, shi ne kuma ya rubuta Muƙaddima a 1377, inda ya kafa abin da ya kira ilmin umran, watau sanin yadda jama'a ke haɗuwa su zauna, su yi ƙarfi, su yi rauni. Har masanan Turai suna lissafta shi cikin waɗanda suka fara wannan fanni. Babban abin da ya koyar shi ne, bayan an duba mai ba da labari, a kuma duba labarin kansa, a gani ko zai yiwu bisa ga yadda Allah Ya tsara rayuwar mutane. Ya ɗauki adadin mayaƙa da wasu masu tarihi suka ambata, ya auna shi da faɗin ƙasa da abincin da za ta iya ba su da filin da za su tsaya, ya nuna adadin ba zai yiwu ba ko da wane ne ya faɗe shi.

Ga yadda wannan awo yake aiki a yau. Akwai hotuna da ke yawo a waya ana cewa hoton Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, har wasu suna bugawa suna ratayewa a ɗaki don neman albarka. Shehu ya rasu a 1817. Ba a bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya ba sai a 1839, a Faransa, shekaru 22 bayan rasuwarsa. Yaron da ya riƙe waɗannan shekaru biyu ba ya bukatar kowa ya gaya masa matsayin hoton. Wanda bai riƙe su ba kuwa, ko ya iya kwamfuta kamar me, sai dai ya taya yaɗawa. Hoton Shehu ba ya kashe kowa, amma yaron da bai iya auna wannan ba, ba zai iya auna hoton gawawwakin wata ƙasa da aka ce na garinsu ne ba, irin wannan kuwa ya sha tayar da fitinar da aka rasa rayuka a cikinta.

Magabatan wannan birni sun bar misali na adalci a rubutun tarihi. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, a ciki kuma ya kawo wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno, wanda ya soki jihadin da hujjoji masu zafi. Bello bai ɓoye sukar ba, ya rubuta ta ya kuma ba da amsarsa, ya bar mai karatu ya ga duka biyun. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta bayyana cewa an sanya mutane dangogi da ƙabilu ne domin su san juna, sanin juna kuwa ba ya samuwa ga wanda bai taɓa jin hujjar ɗaya ɓangaren ba. Ɗan Sakkwato da zai je bautar ƙasa a Inugu, ko ya zauna aji ɗaya da ɗan Ibadan a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yana bukatar wannan tarbiyya kamar yadda yake bukatar lissafi.

Tun daga 2022 kuma wani sabon abu ya shigo, watau manhajojin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT, waɗanda akan yi wa tambaya su ba da amsa cikin tsararren zance kamar na malami. Suna da amfani ga wanda ya riga ya san fanninsa. Amma sukan ƙaga abin da babu shi, su jingina magana ga littafin da ba ta ciki, da murya ɗaya da wadda suke faɗin gaskiya, ba sa kuwa jin kunya in an kama su. Malamin kirki yakan ce bai sani ba, an ma ruwaito Imam Malik ya yawaita faɗin haka. Saboda wannan, bai halatta a ɗauki hadisi ko fatawa daga irin wannan manhaja a yi aiki da shi ko a yaɗa shi ba, sai an koma ga littafi da malami. Ɗalibin da ya sa ta rubuta masa aikin gida ya miƙa da sunansa kuwa, ya shiga cikin gargaɗin da Annabi ya yi wa mai sayar da hatsin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Haka ma malamin da ya karɓi kuɗi ya tura wa ɗalibai amsa ta waya ranar jarrabawa, da uban da ya biya.

Malaman Islamiyya da na Arabiyya suna da babban rabo a wannan aiki, in sun yarda su koya. Su ne suka gaji ilmin isnadi, su ne kuma yara ke zama a gabansu kowace yamma. Bai kamata malami ya ji nauyin zama gaban ɗalibinsa ya koyi yadda ake kunna na'ura ba, gama wanda bai san abin da ke cikin wayar yaro ba, ba zai iya yi masa gyara a kai ba. In ya koya, sai ya riƙa ɗauko saƙo guda daga cikin waɗanda ke yawo a wannan mako ya ajiye a gaban aji, ya tambaye su wa ya faɗa, yaushe, a ina, a wane littafi, kuma zai yiwu ko ba zai yiwu ba.

Abin da ake bukata na wannan darasi yana kusa. Daga Gidan Dare zuwa Hubbaren Shehu tafiya ce ta cikin gari, haka ma gidan adana tarihi da aka sa wa sunan Waziri Junaidu, marubucin Tarihin Fulani, wanda ya rasu a 1997, Allah Ya jiƙansa. A can akwai rubuce-rubucen hannu na malaman wannan daula da wasiƙun sarakuna. Hedimasta yana iya rubuta takardar neman izini, iyaye su haɗa kuɗin mota, a kai 'yan aji shida su ga takardun da idonsu, sa'an nan a komo aji a buɗe na'ura a duba abin da ta ce game da su, a gwada.